Don Allah a taimaka min da lissafin resista, kaina ya kulle

Assalamu alaikum 'yan uwa, masu ilimin lantarki ina neman ceto, tun bayan isha'i nake kan tambaya daya kuma jibi muke da jarrabawa. Batir ne mai volt 12, an jona resista mai ohm 4 a jere, bayanta kuma waya ta rabu biyu, reshe daya ohm 6 dayan ohm 3, sannan suka sake haduwa. Na hada rassan na samu ohm 2, jimla 6, karent din da ke fita daga batir amfiya 2, wato wat 24. Har nan lafiya lau.

To da na zo neman karent na kowane reshe sai na raba 12 da 6 da kuma 12 da 3, na samu 2 da 4, jimla amfiya 6 kenan alhali 2 kadai batir ya bayar, ina sauran suka fito? Wani abokina ya ce wai resistar farkon mai ohm 4 ta riga ta cinye volt 8, to in haka ne 4 din da ta rage raba ta zan yi tsakanin rassan ko kowanne 4 zai dauka?