Fenti yana ɓarewa a ƙasan bango duk damina: abin da masu aikin suka gani a Jos

Mai tambaya, Angwan Rogo

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san gini da fenti. Bangon falonmu da na ɗakin kwana, ɓangaren da ya ba waje baya, fentinsa yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa har zuwa gwiwa. Wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, in an shafa sai ya zube. Ginin bulo ne. Bara aka yi sikiridin, wato shafen da ke sa bango ya yi santsi, aka shafa sabon fenti, amma watan Agusta bai ƙare ba ya koma yadda yake. Yanzu ruwa ya ɗauke, ina so a gyara kafin wata damina. Ta ina za a fara?

Birkila, Bukuru

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sayi fenti tukuna. Fentin ba shi da laifi, ruwa ne a cikin bangon, kuma sai an san ta inda yake shiga. A gidajen da nake gyarawa, hanya huɗu ce. Akwai wanda ke hawa daga ƙasa: shi yana yin layi a kwance, da wuya ya wuce mita ɗaya, kuma yana zuwa da farin garin nan. Akwai wanda ruwan sama ke bugawa daga waje ya ratso, shi tabo-tabo yake yi, yana ƙaruwa bayan an sha ruwa mai iska. Akwai na bututu da ya fashe, wanda ba ruwansa da rani ko damina. Sai na gumin ɗaki, mai baƙar funfuna a kusurwa da bayan kabad.

Yadda kika kwatanta naki, ya fi kama da na farko. Farin garin gishiri ne da ruwa ya narkar daga ƙasa da siminti. Ruwan yana bushewa a fuskar bango, gishirin ya tsaya ya daskare a ƙarƙashin fenti, sai ya ture shi.

Mai fenti, Farin Gada

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ki yanki farar leda mai kauri, ƙafa ɗaya da rabi kowane gefe. Ki kankare fentin wurin, ki manna ledar da salatif ta kowace kusurwa yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta kwana 2. In raɓa ta taru ta ciki, tsakanin leda da bango, ruwan daga bango yake fitowa. In ta taru a saman ledar ta ɓangaren ɗaki, gumin ɗaki ne. Ki yi a wuri biyu, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya daidai ƙirji, don a ga inda danshin ya tsaya.

Mai aikin famfo, Rikkos

A haɗa da nawa. In banɗaki ko kicin na bayan bangon, a cika tanki da yamma, a rufe duk famfuna, a yi alama a daidai bakin ruwan. In da safe ya sauka alhali ba wanda ya buɗe, akwai yoyo. A kuma duba farin simintin da ke tsakanin tayil ɗin banɗaki. In ya zube, duk wanka ruwa na bi ta nan ya shiga ƙarƙashi.

Mai tambaya, Angwan Rogo

Na gode, Allah ya saka. Na yi duka. Tanki bai sauka ba. Ledar ƙasa ta jiƙe ta ciki, ta sama a bushe take. Na zagaya bayan gidan kuma na ga ƙasar waje ta kusa daidai da daɓen ɗaki, ruwan kwano a gindin bangon yake zuba.

Birkila, Bukuru

To an gano shi. Aikin farko a waje yake, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa don ba ya burge baƙo.

Ki lissafa abin da ke zuba a wurin. Jos na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, mafi yawa a Yuli da Agusta. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100 yana zubar da kusan lita 140,000 ke nan. In duk wannan a gindin bango yake sauka, ba filastar da za ta tsaya masa. Ga kuma garinmu a kan dutse yake, a unguwanni da yawa ruwa ba ya nitsewa can ƙasa, sai ya kwanta a gefen harsashin gini.

Abin yi: a kwashe ƙasar waje har ta sauka aƙalla inci 6 ƙasa da daɓen ɗaki. In an yi gadon fulawa jingine da bango, a cire shi gaba ɗaya. Daga nan a zuba daɓen kankare a kewayen gidan, faɗin ƙafa 3, kauri inci 3. Kwaɓin shi ne buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi, 8 na tsakuwa. Tsawon mita 10 zai ci buhu 4 zuwa 5. A daddage ƙasar sosai kafin a zuba, in ba haka ba za ta zauna daga baya, daɓen ya karkata zuwa bango, ya zama shi ke kai ruwan ciki. Gangaren ya zama bakin waje ya fi gindin bango sauka da inci ɗaya. A ja igiya a auna, kada a yi da ido. Inda daɓen ya haɗu da bango a yi masa ɗan kwana da siminti, don tsagar nan ce ƙofar ruwa. Bayan ya kama, a watsa bokitin ruwa a ga inda ya nufa.

Sai a sa indararo a bakin kwano, da bututu mai inci 3 ko 4 da zai kai ruwan kwata ko tanki. In gidan a jikin tudu yake, irin na Tudun Wada da Angwan Rukuba, inda ƙasa ke jingine da bango ta gefe ɗaya, daɓe kaɗai ba ya isa. Sai an tona har gindin harsashi, a yi filasta, a shafa kwalta sau 2, a kwantar da bututu mai huji-huji a cikin tsakuwa ya fitar da ruwan can gangare. A riƙa tonawa gaɓa-gaɓa, kada a buɗe tsawon bangon duka lokaci guda.

Magidanci, Nasarawa Gwom

Oga, duk wannan wahalar, me zai hana a manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu a huta? Gidaje da yawa haka suka yi.

Birkila, Bukuru

Alhaji, tayil rufe ido ne. Ruwan yana nan, an dai toshe masa mafita. Sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman layin tayil ɗin, ko ya fita ta ɗaya fuskar bangon. Bayan damina biyu ko uku, in ka ƙwanƙwasa za ka ji ya yi ƙarar fanko, daga nan sai zubewa. Haka takardar bango da allunan roba na ado, su ma funfuna ce ke cika bayansu. In an gyara waje bango ya bushe, wanda ke son tayil don ado ya sa abinsa.

Na ciki kuma, Hajiya, ga tsarinsa. A fasa tsohuwar filasta har bulo, a wuce layin danshin da ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A goge gishirin da buroshin waya a bushe, a share a zubar. Kada a wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki. A bar bulon tsirara mako 3 zuwa 4, tagogi a buɗe. Iskar hunturu za ta yi rabin aikin, shi ya sa Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa.

Sabuwar filasta: buhu 1, kwanon sarki 6 na yashi mai tsabta, da garin hana ruwa. Yawancin wanda ke kasuwa ƙulli ɗaya mai kilo 1 ne ga buhu, amma a karanta jikinsa. A gauraya shi da siminti a bushe kafin a zuba ruwa. Kauri kusan rabin inci zuwa sama kaɗan, kuma buhu ɗaya zai rufe kusan murabba'in mita 7. A bar ɗan tazara kamar yatsa tsakanin filasta da daɓen ɗaki, kada ta zama gadar da ruwa zai hau. Allon ƙasan bango zai rufe wurin.

Yashi shi ne inda ake cutar mutane. A zuba shi a kwalba tsawon santimita 10, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza a ajiye awa 3. In laka ta kwanta a sama ta kai santimita 1, a mayar da shi. Yashi mai laka yana tsagewa kuma yana shan ruwa. Sannan hunturu na busar da filasta kafin ta yi ƙarfi, don haka a yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana 7.

Mai fenti, Farin Gada

Daga nan aiki ya zo hannuna, kuma abin da nake roƙo shi ne haƙuri. Sabuwar filasta tana buƙatar mako 4 kafin fenti. Kafin a fara a maimaita gwajin leda. In ta jiƙe, a ƙara jira.

Sikiridin ɗin da aka yi bara ina kyautata zaton na POP ne da gam. POP yana son ruwa, a bangon da ya taɓa danshi laushi yake yi ya zama gari. A mita ɗayan ƙasa a yi da farin siminti, ko a bar filastar a goge ta da samfefa kawai. Shafin farko ya zama firaima da aka yi don sabon siminti, domin siminti yana da kaifin da ke cin launi. A kai sai fentin ruwa shafi 2, a bar aƙalla awa 4 tsakani. Kada a kuskura a sa fentin mai a wurin da tunanin zai tare ruwa. Yana rufe bango ruf, danshin da ya rage ya rasa hanya, sai ya tashi ƙuraje. Kuma a daina tsinka fenti da ruwa don ya yi auki, a tsaya a abin da aka rubuta a jikin bokitin.

Uwargida, Rayfield

Don masu irin matsalar gumin ɗaki, tunda an ambata. A nan Jos sanyi kan sa a rufe tagogi ruf, ga shanya a ɗaki cikin Agusta, ga tururin girki. Baƙar funfuna sai ta kama bayan kabad da kan gado. Ana haɗa Hypo ko Jik kofi 1 da ruwa kofi 4, a sa safar hannu, a buɗe taga, a shafa da soso, a bar shi minti 15 a goge. Kada a haɗa shi da ruwan wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa yana illa ga huhu. A janye kaya daga bango kamar faɗin tafin hannu, a riƙa buɗe taga ko na awa ɗaya da hantsi. Kaskon gawayi kuma kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa.

Tela, Terminus

Labule ma yana da hannu. Yaya, in za ki sake na ɗakin, a ɗinka shi ya tsaya inci ɗaya sama da ƙasa, a sa maƙalan sanda masu fitowa inci 4 daga bango don iska ta bi ta baya. Mai kauri da shafi a ciki yana tare sanyi, amma in ya kwanta a jikin bango mai danshi, gindinsa ne ke fara baƙi ya ruɓe. In yadin auduga ne a jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, yana tsukewa a wankin farko.

Dattijo, tsohon magini, Gangare

Bayanin yaron nan na Bukuru daidai ne, amma ga ginin bulo. Tsoffin gidajenmu na Gangare da Dilimi da yawa ginin ƙasa ne aka lulluɓe da siminti. Wanda ke da irinsu kada ya ɗauki kwaɓin buhu 1 da kwano 6 ya yaɓa. Siminti mai ƙarfi ba ya tafiya tare da ƙasa. Yana riƙe ruwa a ciki, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, wata rana filastar ta faɗo falle guda da rabin bangon. A irin wannan, a cike ramin da jar ƙasa da aka kwaɓa ta kwana, kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya bushe. In za a yi filasta, a kafa ragar kaji da ƙusa, a yi kwaɓi mai sauƙi, kwano 12 ga buhu, a shafe da farar ƙasa. Maganinsa na gaskiya dogon bakin kwano ne da busasshen gindi. In an ga tsaga ta ratsa daga sama zuwa ƙasa ko bango ya yi ciki, a fitar da yara daga ɗakin a kira magini, wannan ya wuce gyaran hannu.

Mai tambaya, Angwan Rogo

Allah ya ƙara girma, Baba. Tambaya ta ƙarshe: in kuɗin bai isa a yi duka bana ba, wanne za a fara?

Birkila, Bukuru

Kwashe ƙasa da indararo, sai daɓe. Waɗannan a gama su kafin ruwan Afrilu. Ciki kuma a kankare fentin da ya kumbura, a goge gishirin, a bar shi haka ya ga damina ɗaya. In Oktoba ta yi layin danshin ya sauka ko ya ɓace, a yi filasta da fenti a Nuwamba. In bai motsa ba, alama ce ba a shimfiɗa leda a cikin gindin bangon ba lokacin gini, abin da muke kira DPC. Shi kuma sai an yanka bangon gaɓa-gaɓa, ƙafa 3 a lokaci guda, a zura leda mai kauri a cike da siminti, a bar kowace gaɓa ta yi ƙarfi kafin a taɓa ta kusa da ita. Wannan kam a ba wanda ya taɓa yi.