Abin da muka tsinta a hirar canza sautin mota

Jiya a majalisarmu ta Wunti aka yi ta muhawara, wani abokinmu ya sayo Lexus 'yar Kwatano yana son ya cire rediyon kamfani ya sa na Android da ƙatuwar wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Ga abin da na riƙe.

Yawancinmu cewa suka yi kada ya taɓa rediyon. A manyan motocin nan allon ba na kiɗa kaɗai ba ne, esi da kyamarar ribas da maɓallan sitiyari duk ta nan suke bi, ka cire shi sai ka ga mota ta rikice. Kuma in motar mai Mark Levinson ce, wato kayan sauti masu tsada da Lexus ke sawa a wasu motocinta, wallahi abin da zai sayo a kasuwa da wuya ya kamo shi. Mercedes da BMW ma sun fi wahala, da yawansu sautin ta wayar haske (fiber optic) yake tafiya zuwa amfilifaya, sai da adafta ta musamman.

Wani tsohon mai wayarin ya ce sifikun kamfani wasu om 2 ne (om ma'aunin yadda sifika ke tare wutar lantarki ne), na kasuwa galibi om 4, in ka sa na kasuwa a gurbin na kamfani haka nan ƙarar raguwa za ta yi. Shawararsa: bar komai yadda yake, ƙara wufa ɗaya a but da amfilifayarta, waya mai kauri, fiyus dab da batir. Kuma kada a bar yaron shago ya yanka wayar kamfani ko ɗaya, ni nan na fi yarda da shi, domin ranar sayarwa dillali sai ya leƙa.