Babur mai caji: wane batir zan ɗauka?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu babur mai caji ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye min riba. Gidana a Panshekara yake, shagona a Kantin Kwari, kullum sai na je na dawo, wani lokacin har da dilar atamfa a baya. Na sayar da tsohon mashin ɗina, na haɗa da kuɗin adashi, na je wajen wani dillali.

Ya nuna min babura biyu, dukkansu batirinsu 60V 20Ah ne, wato ƙarfin wutarsa da yawan cajin da yake ɗauka. Na farko batirin dalma ne, guda biyar a jere, nauyi kamar dutse, kuma ba a cire su. Na biyu lithium ne, kamar ƙaramin akwati, ana zaro shi a shiga da shi ɗaki. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna, in zan saya dole sai na ci bashi. Dillalin kuwa duk wanda na taɓa sai ya ce ai shi ne mai kyau.

Babbar damuwata caji. Layinmu yakan kwana biyu babu wuta. Ina da sola, fanel biyu masu wat 300, ga fanka da firji a kai. Batirin yana neman wutar da ta kai wat 1,200 na tsawon awa ɗaya kafin ya cika, ni kuma da rana ina kasuwa. Zai yiwu kuwa?

Sannan wanne ya fi jure zafin Afrilu? In injin da ke cikin tayar baya ya sha ruwan damina, akwai mai gyara a Kano?

Ranar Asabar zan biya. Allah Ya saka da alheri.