Shugabanmu ya naɗa kwamiti shi kaɗai, in rubuta ko in dakata?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Argungu. Noman rani ya matso, za mu sayi taki da man injin ban ruwa da kuɗin da mambobi suka tara. Ranar Juma'a shugabanmu ya miƙo mini sunayen mutum biyar, ya ce su ne kwamitin saye da rabo. Ya ƙara da wasu uku da za su binciki asusu. Ba a yi taro ba. Cikin biyar ɗin akwai surukinsa, wanda ba mamba ba ne. Ya ce in shigar da sunayen a littafi.

Dattijo ne, sa'an mahaifina, kuma ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Amma an fara ƙorafi a fadama. Dokokinmu sun ce shugaba ke jagorantar taro da sa hannu a takardu, sun kuma ce babban taro na iya kafa kwamiti. Ba su ambaci wanda zai zaɓi mutanen ba. Yana da wannan ikon?

Tsohon ma'aikacin majalisa, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Kujerar shugabanci ita kaɗai ba ta ba mutum ikon naɗa kwamiti. Ikon yana fitowa ne ta ƙofa biyu: ko dokokin ƙungiya su rubuta cewa shugaba ke naɗawa, ko taro ya zartar da ƙuduri ya damƙa masa. Naku dokokin sun ba taro kafa kwamiti, sun yi shiru kan shugaba, don haka zaɓen mutanen ma yana hannun taro.

Ko a majalisa haka abin yake. Sashe na 103 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce majalisar dokokin jiha ce ke naɗa kwamiti daga cikin mambobinta, sashe na 62 ya faɗi irin haka ga majalisar dattawa da ta wakilai. In ka ji kakaki yana karanta sunaye, dokokin zaure ne suka ba shi wannan gurbin, kuma zauren ne ya rubuta su. Littafin ƙa'idojin taro da Henry Robert, wani hafsan sojan Amurka, ya fitar a 1876, wanda ƙungiyoyi da yawa ke bi har yau, shi ma a kan wannan ya tsaya. Bai zama wajibi a kanku ba tunda ba ku ɗauke shi a dokokinku ba, amma hujjarsa mai kyau ce.

Alhaji mai sayen shinkafa, Jega:
Malam, ina girmama iliminka, amma wanga ba majalisa ba ce. Manoma ne, kuma taki ba ya jiran kowa. Mu nan tun da munka kafa tamu, shugaba ke nuna mutane, ba a taɓa faɗa ba. In yaron nan ya ƙi rubutawa, za a ce ya raina babba, ƙungiya ta rabu biyu lokacin da anka fi buƙatar haɗin kai. Ka rubuta, ɗana, a gyara doka bayan girbi.

Hajiya, ma'ajiyar ƙungiyar mata, Yawuri:
Alhaji, ka yi haƙuri, ban yarda a bari sai bayan girbi ba. Ni kwamitin saye bai dame ni kamar na binciken asusu ba. Shugaba yana cikin masu sa hannu a fitar da kuɗi, to ta yaya zai zaɓi masu bincikensa? Ko sun yi gaskiya tsantsa, ranar da suka ce lissafi ya cika babu mai gaskata su, kuma sunan dattijon ne zai ɓaci a banza. Kuɗin nan gumin mutane ne, wata ma akuyarta ta sayar ta biya. Su zaɓi masu dubawa da hannunsu. Shi kuma surukin, in don ya san dillalan taki ne, a faɗa wa taro haka, su amince ko su ƙi.

Tsohon ma'aikacin majalisa:
Maganar Alhaji tana da gurbi. Abin da aka saba yi ba tare da an ƙi ba yakan zama al'ada, ana kuma binta. Sai dai al'ada tana faɗuwa da zarar wani mamba ya nuna ta saɓa wa rubutacciyar doka, kuma ga shi an fara ƙorafi. Hajiya ma ta yi daidai kan wanda ba mamba ba: ko taro ya ba shugaba ikon naɗi, sai an gabatar da sunan irin wannan mutumin an amince kafin ya fara aiki.

Abin da ya yi sauƙi shi ne taro yana iya amincewa daga baya da abin da shi kansa yake da ikon yi. A kira taron gaggawa, a sanar da kowa dalilinsa. Shugaba ya karanta sunayen biyar a matsayin shawara. Wani ya gabatar da ƙudurin amincewa, wani ya mara masa baya, mai son a musanya suna ya faɗa, a ɗaga hannu. Na binciken asusu kuma a karɓi sunaye daga mambobi kai tsaye. In za ku gyara doka nan gaba ku ba shugaba ikon naɗi, ku sani wanda ya naɗa shi ke cike gurbi in wani ya sauka, don haka ku cire kwamitin binciken asusu da na shirya zaɓe daga cikin wannan ikon.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To littafin fa, me zan yi da shi kafin taron?

Hajiya:
Littafin na abin da taro ya yanke ne, kada ka sa komai a ciki tukuna. Ajiye sunayen a takarda daban. Kuma kada ka tari Baba da zancen a gaban mutane. Ka ɗauki ma'aji ko mataimakinsa, ku same shi gida bayan la'asar da kwafin dokokin a hannu, ku roƙe shi ya kira taron da bakinsa cikin makon nan, kafin a fitar da kuɗin taki.