Karatun akanta na ƙasa da ƙasa: in tafi waje yanzu, ko in kammala digirina a Legas?

Ɗalibi daga Agege:

Assalamu alaikum. Ina aji biyu a sashen akanta na wata jami'a a nan Legas, kuma ina neman shawarar yayyena da suka riga ni shiga wannan fage. Mahaifina yana sana'ar shanu a Oko-Oba, kuma ya ce a shirye yake ya sayar da wani filinsa na gida domin in tafi Ingila ko Maleshiya in karanta akanta na ƙasa da ƙasa, saboda yana ganin waɗanda suka yi karatu a waje sun fi samun shiga manyan kamfanoni. Abin da ke damuna shi ne, idan na tafi yanzu wataƙila a mayar da ni aji ɗaya, sannan ina son sanin ko abin da ake koyarwa a can ya bambanta da namu har ya cancanci a rabu da fili. Burina shi ne aikin binciken kuɗi na kamfanoni masu rassa a ƙasashe da yawa. Shin in tafi, ko in dakata?

Akanta a Ikeja:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, amma shawarata ita ce kada a sayar da filin nan yanzu.

Abin da ake kira akanta na ƙasa da ƙasa, ginshiƙinsa shi ne ƙa'idojin IFRS, wato ƙa'idojin rubuta rahoton kuɗi na kamfanoni, waɗanda hukumar IASB da ke Landan take fitarwa, kuma ƙasashe sama da 140 ne suke aiki da su. Tarayyar Turai ta wajabta su a kan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari tun 2005, mu kuma Najeriya mun fara aiki da su a 2012, bayan dokar 2011 da ta kafa hukumar sa ido kan rahoton kuɗi. Saboda haka rahoton shekara na kowane banki ko kamfanin siminti da ke kasuwar hannun jari ta Legas, a kan waɗannan ƙa'idoji aka gina shi, kuma su ne ɗalibin Manchester yake karantawa.

Inda za ka ga bambanci na gaske shi ne Amurka, wadda take da nata tsarin. Ɗauki ɗan kasuwar Mile 12 da ya sayi buhun wake ɗari lokacin kaka da araha, ya ƙara ɗari a bazara da tsada, sannan ya sayar da ɗari. Wane farashi zai rubuta a matsayin kuɗin kayan da suka fita? A tsarin IFRS, ko dai ya ɗauka na farkon shigowa ne suka fara fita, ko ya haɗa farashin biyu ya fitar da matsakaici. Tsarin Amurka kuwa ya yarda ya ɗauka na ƙarshen shigowa ne suka fita, abin da ke rage ribar da za ta bayyana a takarda, ya kuma rage haraji. Wake ɗaya, rumbu ɗaya, amma riba biyu daban. Irin wannan fahimta ake nema a wurinka, kuma ba sai ka hau jirgi za ka same ta ba.

Sannan ka sani cewa digiri kaɗai, ko daga ina ya fito, ba ya ba ka ikon sa hannu a rahoton binciken kuɗi a Najeriya. Sai ka zama ɗan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, wato ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ANAN. Manyan kamfanonin binciken kuɗi guda huɗu, wato KPMG da PwC da Deloitte da EY, duk suna da ofisoshi a nan Legas, kuma kowace shekara suna ɗaukar waɗanda suka gama jami'o'in gida bayan jarrabawa da ganawa. Ka dage ka fita da sakamako mai kyau, wannan ne zai buɗe maka ƙofarsu.

'Yar Idi-Araba:

Na yarda da yawancin abin da Yaya ya faɗa, sai dai ba na so a raina amfanin fita waje, domin ni na yi digirina na biyu a Ingila bayan na gama na farko a gida. Littafin ɗaya ne, amma yadda ake koyarwa ya bambanta. A can za a miƙa muku rahoton wani kamfani na gaske mai rassa a ƙasashe da dama, a ce ku haɗe lissafin rassan wuri guda, ku mayar da kuɗaɗen ƙasashen zuwa fam, ku kuma kare hujjarku a gaban aji tare da ɗalibai daga Indiya da Sin da Kenya. Wannan horo ya amfane ni ƙwarai.

Amma ƙanena, ka yi lissafin da kyau, tunda kai ɗalibin lissafi ne. Digirin farko shekara uku ne a Ingila, huɗu a Sikotilan, na biyu kuwa shekara ɗaya ne kawai. Bayan kuɗin makaranta akwai kuɗin biza, da kuɗin kiwon lafiya da ake biya tun kafin tafiya na duk tsawon karatun, da gwajin tarin fuka, sannan dole kuɗin zamanka su yi kwana 28 a jere a cikin asusu kafin ka nemi biza. Aikin da aka yarda ɗalibi ya yi bai wuce awa 20 a mako ba lokacin zangon karatu, kuma ba zai biya maka kuɗin makaranta ba. Babban haɗarin kuma shi ne canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500. Na ga ɗalibanmu da iyayensu suka tanadi kuɗin karatu a naira, rana ɗaya tanadin ya zama bai kai rabin abin da ake bukata ba, makarantu suka rufe musu shafin karatu, wasu har suka koma gida babu takarda. Wanda zai biya shekara uku da kuɗin fili ɗaya ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Idan sunan ƙasa da ƙasa kake so a takardarka, ka fara ACCA daga nan. Ƙungiyar ƙwararrun akantoci ce ta Birtaniya tun 1904, ana rubuta jarrabawarta a Legas, kuma manyan takardun suna zuwa sau huɗu a shekara, a Maris da Yuni da Satumba da Disamba. Mai digirin akanta yana iya samun yafiyar wasu takardu gwargwadon jami'arsa, sannan ana buƙatar aikin wata 36 kafin a zama cikakken ɗan ƙungiya.

Ma'aikacin banki daga Obalende:

Tunda ka ambaci Maleshiya, bari in ƙara wani abu. Rayuwa da kuɗin makaranta sun fi sauƙi a can fiye da Ingila, ana koyarwa da Turanci, kuma abinci da masallaci ba za su zame maka matsala ba. Abin da ya fi jan hankalina game da ita shi ne hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Akwai jami'ar INCEIF a Kuala Lumpur, wadda babban bankin ƙasar ya kafa a 2005 domin wannan fanni. A gida kuwa, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank da Lotus suka biyo baya, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk (takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa) na farko na naira biliyan 100 a 2017. Akantan da ya iya IFRS, ya kuma san ƙa'idojin AAOIFI, hukumar akanta ta bankunan Musulunci da ke Bahrain, kan nau'o'in ciniki irin su murabaha da ijara da mudaraba, yana da abin da mutane da yawa ba su da shi. Wannan ma a matakin digiri na biyu ya fi dacewa.

Ka kuma yi hattara da dillalan makarantu masu alƙawarin digiri cikin gaggawa. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan an bankaɗo sayar da takardu a Kwatano, kuma duk wanda ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya tafi hidimar ƙasa.

Ɗalibi daga Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku ɗaukaka. Na gamsu cewa kammalawa a nan ya fi, sai dai ina so in je wa mahaifina da tsari a hannu, ba da ƙin amincewa kawai ba. Tsakanin ICAN da ACCA, da wanne ya kamata in fara?

Akanta a Ikeja:

Ka fara da ICAN, domin da naira ake biyan kuɗinta, ita kuwa ACCA farashinta da fam yake, kuma dokokin haraji da na kamfanoni da za ka yi aiki da su kullum a Legas suna cikin manhajar ICAN. Tun yanzu za ka iya shiga matakinta na share fage da ake kira ATS, wanda ɗalibi yake iya rubutawa kafin ya gama digiri. Idan ka samu aiki bayan hidimar ƙasa, ka tambayi ko kamfanin yana tallafa wa ma'aikata da kuɗin jarrabawa, domin da yawa suna yi. Shi kuma Alhaji, ka nuna masa lissafi biyu a takarda ɗaya, kuɗin shekara uku a waje da kuma kuɗin shekara ɗaya ta digiri na biyu bayan ka yi aiki na ɗan lokaci, kowanne da farashin canji na ranar da ka rubuta shi.