Kamfas ɗin waya yana nuna min alƙibla iri biyu, wanne zan bi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum malamai. A cikin ɗaki manhajar alƙibla tana nuna wani ɓangare, in an fita tsakar gida kuma kibiyar ta karkata sosai. Waya ɗaya ce, manhaja ɗaya. Shin wayar ce ta lalace ko manhajar ce ba ta da kyau? A Kano nake.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin ɗora wa manhaja laifi. A cikin waya akwai ɗan ƙaramin ma'auni da ke jin maganaɗisun ƙasa, shi ke gano arewa, manhajar lissafi kawai take ɗorawa a kai. To maganaɗisun ƙasa ba shi da ƙarfi, tsakanin maikurotesla (awon ƙarfin maganaɗisu) 25 zuwa 65 ne ko'ina a duniya, a nan yankinmu wajen 30 da 'yan kai. Duk wani ƙarfe ko maganaɗisu da ke kusa zai iya rinjayarsa: rodin da ke cikin ginin, ƙofar ƙarfe, firji, lasifika, janareta. Shi ya sa ɗaki da tsakar gida suka saɓa, kuma na tsakar gidan ya fi kusa da gaskiya.

Fara da cire rigar wayar. Irin mai marfin nan da ke mannewa da kanta maganaɗisu ne a jikinta, ita kaɗai ta isa ta juya maka kibiya. Sai ka fita fili, taku uku ko huɗu daga mota da get, ka riƙe wayar kana zana lamba 8 da ita a iska kana jujjuya wuyan hannu, har ta fuskanci kowane ɓangare. Daga nan ka kwantar da ita a tafin hannu kamar tire, don in ta jirkice karatun ma jirkicewa yake. A Google Maps za ka ga wani haske shuɗi yana fita daga ɗigon da ke nuna inda kake. In ya yi faɗi saitin bai zauna ba, in ya tsuke to madalla.

Amma fa wasu wayoyi masu sauƙin kuɗi ba a sa musu wannan ma'aunin gaba ɗaya. A irinsu kibiyar daskarewa take yi ko manhajar ta ƙi buɗewa, kuma babu abin da za ka sauke ya gyara.

Malamin Jogarafi: Ɗan'uwa, ka riƙe lambar digirin alƙiblar garinku, ka huta da dogara ga kibiyar manhajar alƙibla. Daga arewa ana ƙirgawa zuwa dama: gabas digiri 90, kudu 180. Alƙiblar Kano kusan 68 ce, Sakkwato da Damagaram wajen 71, Maiduguri 66, Abuja 65, Yamai 72. Wato ba gabas sak ba ce, an ɗan karkata arewa. Buɗe kamfas na zalla, ka juya har saman wayar ya tsaya a 68. Bambancin arewar maganaɗisu (wadda kamfas ke nunawa) da arewa ta ainihi kuwa a ƙasashenmu ɗan kaɗan ne, bai kai abin damuwa ba.

Masu bin fitowar rana su yi hattara. A Kano cikin Yuni tana fitowa wajen digiri 66, dab da alƙibla, amma a Disamba takan koma wajen 114.

Ladan: Ga hanyar da za ka tantance wayar ba tare da wata na'ura ba. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, sai 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Ka kafa sanda a miƙe a shimfiɗaɗɗen wuri, ko ka rataya zare da dutse a ƙasansa, wanda ya fi sanda daidaito. A wannan lokacin ka ja layi a kan inuwar. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar ya fuskanci sandar, alƙibla yake kallo. Sai ka ɗora wayar a kan layin ka ga nawa ta kauce. Na Mayu ya fi tabbas, Yuli hadari yakan rufe rana.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. In an samu layin a tsakar gida, yaya za a shigar da shi ɗaki?

Malamin Jogarafi: Bango za ka bi. Auna karkatar layin daga bangon ɗakin ta waje, ka maimaita wannan kwanar daga bangon ta ciki, ka sa alama a ƙasa da fenti ko salatif.