Wai me za mu kira ƙananan motocin nan na harhaɗawa da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Masana harshe ku kawo ɗauki, don jiya na sha kunya. Muna gaisawa da kawuna ta bidiyo, ni ina nan Detroit ta Amurka shi yana gida, sai ya hango abin da ke kan teburina: 'yar ƙaramar Chevrolet Bel Air ƙirar 1957, tsawonta bai wuce taƙi guda ba, an cire tayoyinta, ga samfefa da burushin fenti a gefe. Ya ce, "Kai yanzu da gemunka kake wasa da motar yara?" Na buɗe baki zan kare kaina, sai na tarar ba ni da kalmar. Turawa suna ce mata model kit. Kwali ne ake sayar maka, a ciki akwai mota amma a warwatse, gunduwa-gunduwa na roba, wani kwalin sun haura ɗari: gangar jiki daban, inji daban, kujeru, sitiyari, bamba, har madubin gefe da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Kai za ka yanko su, ka goge, ka fente, ka haɗa. Wadda ke gabana ma tsohuwa ce, wani ya haɗa ta shekaru aru-aru, na tsinto ta a kasuwar 'yan gwanjo ina ƙoƙarin dawo da ita hayyacinta. To me sunan wannan abu da Hausa?

Wani dattijo: Ɗana, gaskiyar kawunka ce. Motar wasa sunanta. Mu da muka yi motar kara da ta langa-langa muna jan ta da zare a lungu, ba mu taɓa rasa sunan da za mu kira ta ba.

Mai tambaya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ne na tsaya. Motar kara ta gaban goshi ce a wurina, na yi ta, har da fitilar murfin kwalba. Sai dai ita ba a tambayar ta wace mota ce. In ta yi taya huɗu ta gungura, magana ta ƙare. Wannan kuwa ko gungurawa ba a buƙatar ta yi, yaro ya taɓa ta sau ɗaya madubi ya karye. Abin da ake nema a wurinta awo ne. A jikin kwalin an rubuta 1:25, wato duk inci 25 na babbar mota ya koma inci ɗaya. Bel Air ta 1957 tsawonta inci 200 ne, saboda haka tawa dole ta zama inci 8, haka faɗin taya, haka tsayin rufi, haka kaurin sitiyari. In ka kauce wa awon nan, ka ɓata aikin ko da fentinka ya fi na kowa ƙyalli. Kalmar wasa ba ta ɗauke da wannan.

Wani ɗalibi daga Damagaram: Yaya, mu nan da faransanci maket muke cewa, kamar wadda masu zanen gini ke yi kafin a ɗora tubali. Me zai hana a ara kawai? An ari kalmar mota kanta ai, ba wanda ya mutu.

Wata malamar Hausa: Aro ba laifi ba ne, ɗalibi, amma in ka ce maket a Kano kasuwa za a nuna maka. In ka ce modal kuma, rabin mutane za su ɗauka shekarar ƙirar mota kake nufi, rabi kuma masu tallan kayan sawa. Duk kujerun an riga an zauna a kansu. Bari in zubo abin da muke da shi a gida a tace. Samfur: wannan abin da ɗan kasuwa ke nuna maka ne kafin ka sayi dila. Kwaikwayo: yana jan hankali zuwa wasan dandamali ko jabun kaya. Mutum-mutumi ya ba mu hanya mai kyau, don Bahaushe ya saba maimaita suna in yana nufin abin da ya yi kama da ainihi amma ba shi ba ne, sai dai in ka ce mota-mota ka koma wurin yara. Wanda ya fi kwanta mini shi ne kwatankwaci. Kwatankwacin abu shi ne wanda aka auna shi da wani, aka ga sun yi daidai ta wata fuska. Awon da kake kuka a kai yana cikin kalmar tun asali.

Wani makaniki: Malama, kafin ki rufe, samfur ɗin nan kada a yar da shi da wuri. Ɗan'uwa mai tambaya, ba na ji an ce dillalan motoci ne suka fara raba su ba?

Mai tambaya: Haka ne Oga, kuma ka taɓo wurin da tarihin ke da daɗi. Kamfanin AMT, wanda aka kafa a jihar Michigan a 1948, da irin su Jo-Han na nan Detroit, sun fara ne da ƙera ƙananan motoci haɗaɗɗu, waɗanda dillalan Ford da Chevrolet ke ajiyewa a shago, mai saye ya ga siffar sabuwar ƙira da launukanta, wani lokaci a ba ɗansa kyauta. Waɗannan kam samfur ne, ba gardama. Da yawansu an yi su da wata irin roba da ke lanƙwashewa in ta tsufa, shi ya sa za ka ga ta shekarun 1950 rufinta ya lotsa kamar an zauna a kai. A 1958 ne aka shiga sayar da irin waɗannan motoci a warwatse cikin kwali, har da ƙarin kaya, ka zaɓa ko ka haɗa ta yadda ta fito daga masana'anta, ko ka yi mata kwalliya, ko ka mai da ita ta tsere. Daga ranar da aka bar wa mai saye haɗin, ta tashi daga samfur, don ba wani kaya take tallatawa ba kuma.

Wani dattijo: To ɗana, jikana ya duba mini. Ya ce harafin ƙarshe na AMT ɗin nan da kake ta ambato, ma'anarsa kayan wasa. Masu abin da kansu sun ce wasa ne, kai ka fi su sani?

Mai tambaya: Baba ka kama ni, ba ni da ta cewa. Gaskiya ne, kuma yara maza ne suka fi sayen su a shekarun 1960. Sai dai yaran nan su ne tsofaffin da nake haɗuwa da su yau a wurin baje koli, da tabarau biyu a hanci, suna musu a kan ko jan da aka shafa wa inji shi ne ainihin jan da Chevrolet ta yi amfani da shi a shekarar.

Wata malamar Hausa: Ina ganin matsalarmu ita ce muna neman kalma ɗaya ga abu biyu. Akwai wadda aka gama, tana zaune a kan tebur. Akwai kuma kwalin da ba a taɓa ba. Ta farko kwatankwacin mota. Na biyun fa? Kayan haɗi zai yi, amma duk wadda ta taɓa shiga kicin za ta ji ƙamshin citta da kanumfari. Na fi son ƙunshin harhaɗawa, ko a taƙaice motar harhaɗawa. Ku lura, harhaɗa na ce, ba haɗa ba. Haɗa na abu biyu ne ko uku, harhaɗa kuwa ta nuna yawa da ɗaukar lokaci.

Wani makaniki: Wannan ta zauna. Aikin tsohuwar da kake yi kuma ba sai an ƙirƙiro masa suna ba, garambawul ne. Gyara shi ne a canja abin da ya lalace a tafi. In an sauke komai an wanke an mayar, garambawul ke nan, ko tirela ce ko ta aljihu. Amma yaya kake kwance abin da aka manne?

Mai tambaya: Nan ne wahalar take, Oga. Gam ɗin da ake amfani da shi ba manne abu yake yi kamar na takarda ba, narkar da robar yake yi ɓangarorin biyu su zama ɗaya, kusan walda. Yaron da ya haɗa tawa kuwa bai san kaɗan ba. Ya matsa shi har ya malalo kan gilashin gaba, ga shatin ɗan yatsansa nan daram a kai, ya fi ni shekaru. Masu harkar suna da wani suna na ba'a ga irin wannan mota, ni dai a raina sha-gam nake kiran ta. Dabarar da aka koya mini: a jiƙa ta da ruwa, a sa a leda, a jefa firiza ta kwana. Ruwan da ya shiga tsagogi in ya daskare sai ya kumbura, tsohon gam ya saki, kana ɓamɓarowa a hankali. Fenti kuma a jiƙa shi a man birki, yana saɓulewa kamar fatar tumatir da aka zuba wa tafasasshen ruwa, amma a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri don wata robar ba ta jure shi. Abin da ya fi ba ni haushi tayoyi ne. Akwai sinadarin da ke sa su laushi, in suka daɗe suna taɓa jikin motar sai su ci shi. Tayar safaya da ya ajiye a kan but ta bar rami zagayayye, sai da na cike da bodi-fila kamar mai gyaran jikin mota.

Wata malamar Hausa: Sha-gam! Wannan ba sai an kai ta gaban kwamiti ba, ƙirar Hausa ce tsantsa, 'yar'uwar sha-kundum. Amma ka ga wani giɓin da ka tono: jikin motar roba, tayar ma roba, ga shi ɗaya na cin ɗaya. Dole dai a ce busasshiyar roba da mai laushi.

Wani ɗalibi daga Damagaram: Na janye maket. Amma 1:25 ɗin fa? Sikeli?

Wata malamar Hausa: Sikeli na mai nama ne da mai auna hatsi. Awo ya wadatar: awon ɗaya bisa ashirin da biyar.

Mai tambaya: Kuma a riƙa faɗin lambar, don akwai 1:24, wanda kamfanin Monogram ya fi amfani da shi kafin ya haɗe da kamfanin Revell a 1986. A Bel Air bambancin sulusin inci ne kacal, amma gwada sa gilashin wannan a jikin waccan ka gani. To na karɓa: kwatankwacin mota in an gama, motar harhaɗawa in tana kwali, garambawul ga aikin tsohuwa, sha-gam ga wadda aka zalunta. Saura abu ɗaya. Gunduwoyin suna zuwa ne a maƙale jikin wani firam na roba, hanyar da narkakkiyar robar ta bi ta shiga ma'ƙera, kana yanko su ɗaya-ɗaya. Ni zangarniya ta faɗo mini, yadda ƙwaya ke jere a jikinta.

Wani dattijo: Zangarniya sussuka ake yi mata, ɗana, ba a tsinke ta ɗaya-ɗaya. Ka ce reshe. Kuma in ka sake kiran kawun naka, ka faɗa masa kwatankwacin mota kake wa garambawul, ka dawo ka ba mu labarin abin da ya ce.